Waiwaye: Alpha Jet, jirgin koyo da ya tsufa a fagen daga

Asalinsa na koyon tuƙi ne. Faransa da Jamus ta Yamma ne suka haɗa hannu, ta kamfanonin Dassault da Dornier, suka ƙera Alpha Jet, ya fara tashi a watan Oktoban 1973. Faransawa suna neman abin horar da sababbin matuƙa, su kuwa Jamusawa ƙaramin jirgin kai farmaki a ƙasa suke so. Shi ya sa ya fito da kujeru biyu da injina biyu, da kuma wurin rataya bama-bamai da rokoki a ƙarƙashin fukafukai.

Najeriya ta sayi 24 a shekarun 1980. Ga manyan jirage a lokacin, MiG-21 da Jaguar, amma rashin kayan gyara da kula ya zaunar da su, sai aikin ya faɗo kan ƙaramin. Da shi ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, ta yi ruwan wuta kan mayaƙan madugun 'yan tawaye Charles Taylor da suka afka wa Monrovia, babban birnin Laberiya, a 1992, aka kuma zargi hare-haren da rutsawa da fararen hula. Daga can ya wuce Saliyo.

Rikicin Boko Haram ya sake fito da shi bayan ya manyanta. A watan Mayun 2013 ɗaya ya faɗi a Dargol, yamma da Yamai, yana aikin rundunar ƙasashen Afirka a Mali, matuƙa biyu suka rasu. Wani ya ɓace bayan tashi daga Yola a Satumban 2014, wani kuma a Borno a ƙarshen Maris na 2021.

Wanda ya fi girgiza mutane shi ne na 18 ga Yulin 2021. 'Yan bindiga, ba wata rundunar ƙasa ba, suka kakkaɓo shi a iyakar Zamfara da Kaduna. Matuƙin, Abayomi Dairo, ya diro da lema, ya laɓe har dare ya yi, sannan ya bi taswirar wayarsa da ƙafa har ya riski sojoji. Jirgin da dole sai ya yi ƙasa-ƙasa kafin ya ga abin da zai hara, ai ya shiga hannun mai babbar bindiga.

A watan ne rukunin farko daga cikin jiragen yaƙi Super Tucano 12 ya iso daga Amurka. An kuma ƙulla cinikin jiragen M-346 guda 24 da kamfanin Leonardo na Italiya, waɗanda za su gaji Alpha Jet.