Hutu a Kan Tsauni: Abin da Ya Kamata Ka Tambaya Kafin Ka Biya Kuɗin Tafiya

Hoton da kamfanin shirya tafiye-tafiye ke sakawa a talla kusan iri ɗaya ne: ƙololuwa fara sol da ƙanƙara, rana na fitowa, mutane na murmushi. Hoton ba ya faɗin kwana nawa aka yi kafin a kai can, ko wa ya ɗauki kaya, ko nawa aka ƙara biya a hanya. Waɗannan su ne tambayoyin da na fi so mai niyyar tafiya ya yi tun kuɗinsa na hannunsa.

Mene ne ake nufi da kunshin tafiya?

Shi ne kamfani ya haɗa maka hidimomi biyu ko fiye a farashi guda: masauki, mota, ja-gora, abinci, wani lokaci har da tikitin jirgi. Amma hutun tsauni iri biyu ne. Akwai wanda za a sauke ka a otal a gindin dutse, kamar garin Zermatt na Suwizalan, ka hau jirgin ƙasa ko motar igiya ka sha kallo ka dawo ka kwanta a gado. Akwai kuma wanda ƙafarka ce motarka, kwana da kwanaki, barci a tanti ko bukka. Ka tabbatar wanne ake sayar maka, domin kalmar "hutu" tana rufe duka biyun.

Kamfani biyu, tsauni ɗaya, amma farashin ɗaya ya kusa ninka na ɗayan. Me ya sa?

Yawanci amsar tana cikin adadin kwanaki. Ɗauki Kilimanjaro na Tanzaniya, mai tsayin mita 5,895. Hanyar Marangu ana sayar da ita a kwana 5 ko 6, Machame 6 ko 7, Lemosho 7 ko 8. Kuɗin shiga gandun dajin da tsaunin ke ciki ana lissafa shi ne a kan kowace rana, haka ladan ma'aikata da abinci, don haka hanya mafi sauƙi ta rage farashi ita ce a yanke kwana ɗaya ko biyu. Kwanan da aka yanke kuwa shi ne wanda jikinka ke bukata don ya saba da ƙarancin iska. Araha ba ta ado, a nan kam har lafiya tana iya ci. Idan kuɗinka zai kai ga ƙarin abu ɗaya tak, ni dai shawarata ka sayi kwana, ka bar otal mai tsada.

Wuri na biyu da ake matse kuɗi shi ne 'yan dako. A Kilimanjaro ƙa'ida ita ce kada kayan da aka ɗora wa mutum ɗaya su wuce kilo 20. Kamfanin da ya karya farashi fiye da kima yakan rage yawansu, ya rage musu lada, ya bar su su hau cikin sanyi ba takalmin kirki. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin su ne ke kai tanti da ruwa da tukunya kafin baƙo ya iso. Ka tambayi kamfanin kai tsaye: 'yan dako nawa ne ga kowane matafiyi, nawa ake biyansu, sau nawa suke cin abinci a rana? Wanda ke riƙe da su da mutunci ba ya jin nauyin amsawa.

Ni mai ƙarfi ne, ina motsa jiki. Ciwon tsauni zai kama ni?

Yana iya kama ka. Ba ya duba ƙarfi ko ƙuruciya, saurin hawa yake dubawa. Daga kusan mita 2,500 yake fara bayyana: ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci, rashin son abinci. A ƙololuwar Kilimanjaro, iskar oksijin da kake samu a numfashi ɗaya kusan rabin wadda kake samu ce a bakin teku. Idan abin ya tsananta, ruwa kan taru a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, kuma duka biyun suna kisa. Maganinsu na farko shi ne a sauko nan take, ko da dare ne.

Likitocin tsauni suna da ma'auni da za ka iya auna jadawalin kamfani da shi. Bayan an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma a huta yini guda bayan kowane kwana uku ko huɗu. Shi ya sa tafiya zuwa sansanin gindin Everest a Nepal, mai tsayin mita 5,364, takan ɗauki kwana 12 zuwa 14, da ranar hutu a garin Namche Bazaar da wata a ƙauyen Dingboche. In ka ga jadawalin da ya share waɗannan ranaku, ka ajiye shi. Ka nemi a rubuta maka tsayin wurin kwana na kowane dare, a lamba.

Ka ga likita kafin ka biya, musamman idan kana da ciwon zuciya, ciwon huhu ko sikila, ko kuma mace tana da juna biyu. Shi ne zai ce ko maganin acetazolamide, wanda aka fi sani da Diamox, ya dace da kai.

Me ba ya cikin kunshin?

Sau da yawa tikitin jirgi zuwa ƙasar, biza, inshora, hayar jakar barci da rigar sanyi, da kyautar da ake ba ja-gora da 'yan dako a ƙarshe, wadda a wurare da dama an ɗauke ta tamkar wajibi. Mai tafiya shi kaɗai kuma akan caje shi ƙarin kuɗin ɗaki. Jerin "abin da ba ya ciki" shi za ka fara karantawa. Kayan sanyi kada ka raina su: zafi na raguwa da kusan digiri 6.5 a kowane mita 1,000 da ka hau.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Ya danganta da tsaunin. Kilimanjaro ya fi daɗin hawa daga Janairu zuwa farkon Maris, da kuma Yuni zuwa Oktoba. Afrilu da Mayu ruwa ne da taɓo. A Nepal ana zuwa Maris zuwa Mayu, ko Oktoba da Nuwamba, a kauce wa daminar Yuni zuwa Satumba. Rangwame mai yawa yakan nuna cewa an saka ka a lokacin ruwa. Kuma ka bar kwana ɗaya ko biyu a ƙarshen tafiya kafin jirgin komawa gida, domin ƙananan jiragen da ke zuwa Lukla, ƙofar yankin Everest, hazo yakan hana su tashi.

Ba zan iya tafiya da kaina ba, ba tare da kamfani ba?

A wasu wurare ka iya, a wasu doka ta hana. Ba a hawa Kilimanjaro sai da ja-gora mai lasisi. Hanyar Inka da ke kai wa tsohon birnin Machu Picchu a Peru mutum 500 kawai ake ba izini a rana, har da ja-gorori da 'yan dako, ta hannun kamfani mai rajista, kuma ana rufe ta duk watan Fabrairu. Izinin da sunanka da lambar fasfonka yake fita, kuma yana ƙarewa watanni kafin lokaci.

Inshorar tafiya ta yau da kullum ta isa?

Galibi ba ta isa ba. Da yawa suna da iyakar tsayi, in ka wuce shi babu ruwansu. Ka duba takardar ta ambaci tsayin da za ka kai, ta kuma ƙunshi ɗauko majinyaci da jirgi mai saukar ungulu.

Yaya zan biya, kuma idan tafiyar ta fasa fa?

Ka nemi lambar rajistar kamfanin ka duba ta a wurin hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar. Ka ba da kafin alƙalami kawai, ta kati ko asusun kamfani, kada ka tura kuɗi asusun wani mutum. Sharuɗɗan fasawa su zo a rubuce: in kai ka fasa nawa za a mayar maka, in su suka fasa saboda ba a cika adadin matafiya ba fa? Idan a Tarayyar Turai ka sayi kunshin, dokarta ta 2015 kan kunshin tafiya ta ba ka damar janyewa ba tare da tara ba in an ƙara farashi da fiye da kashi 8 cikin 100, kuma a mayar maka da kuɗinka cikin kwana 14. A wajen can, abin da ke cikin yarjejeniyarka shi ne babban madogararka.

Sai ka ƙara tambaya guda da mutane ke mantawa: idan na kasa a tsakiyar hanya, wa zai sauko da ni, kuma wa zai biya kwanakin otal da zan yi ina jiran sauran? Kamfanin kirki zai gaya maka mataimakan ja-gora nawa ne ke tare da ayarin, kuma ko suna ɗauke da tulun oksijin.