Libarbar kaboyi ta kwaikwayo

Libarbar kaboyi ta kwaikwayo ƙaramar bindigar hannu ce da ake ƙerawa a yau bisa fasalin Colt Single Action Army, wadda rundunar sojan Amurka ta karɓa a 1873, ta kuma riƙe a matsayin babbar bindigar hannunta har zuwa 1892. Siffar da ta raba ta da libarbar zamani ita ce ba ta tashi sai mai harbi ya ja guduma, wato ɗan ƙarfen da ke bugawa harsashi ya tashi, baya da babban yatsa kafin kowane harbi. Wannan jan ne yake juya gangar da ke ɗauke da harsasai shida, ya kuma ɗana bindigar, ta yadda aikin kunama guda ɗaya ne tak, wato sakin gudumar.

Kamfanin Colt ya dakatar da ƙera ta asalin a farkon Yaƙin Duniya na Biyu, bai koma ba sai 1956, bayan da finafinan kaboyi da shirye-shiryen talabijin suka farfaɗo da sha'awarta. A cikin wannan giɓi ne kamfanin Ruger ya fito da Single-Six a 1953, mai cin ƙaramin harsashi .22. Daga baya maƙeran lardin Brescia na arewacin Italiya suka mamaye kasuwar, musamman Uberti, wanda aka kafa a 1959 a garin Gardone Val Trompia, da kuma Pietta da ke Gussago. Nasu kwaikwayon na bin asali sau da ƙafa, har da harsashi .45 Colt, a kan farashin da bai kusa da na Colt ba. Mafiya araha su ne masu cin .22, irin su Heritage Rough Rider da Ruger Wrangler, wadda ta fito a 2019.

Abin da wanda ya riƙe ta karon farko yake fara lura da shi shi ne mariƙinta mai lanƙwasa, wanda yake mirginawa sama cikin tafin hannu idan ta tashi, maimakon ya doki wuyan hannu. Sai kuma jinkirin ɗura ta, domin gangar ba ta fitowa gefe: ana buɗe wata 'yar ƙofa a ɓangaren dama, a sa harsashi ɗaya bayan ɗaya, bayan harbi kuma a turo kowane kwanso da sandar da ke ƙarƙashin bututu. Ma'aunin saiti kuwa ɗan tsagi ne a saman jikinta da ɗan tsinin ƙarfe a bakin bututu, kuma a mafi yawansu ba a iya daidaita su. Arahar tana bayyana ne a abin da aka yi jikin da shi da kuma gogewarsa, domin ƙananan sukan zo da gaurayen alminiyom ko na zinki mai fenti a madadin ƙarfen da aka rina da wuta.

Batun da ya fi cancantar kulawa shi ne na tsaro, domin kwaikwayo mai aminci ga asali yakan gaji har da aibinsa. A tsohon tsari, idan aka sauke guduma, allurarta, wato tsinin da ke bugun harsashi, tana zaune ne a kan gindin harsashi, don haka faɗuwa ko bugu na iya tayar da bindigar ba tare da an taɓa kunama ba. Shi ya sa masu amfani da ita suka saba ɗura biyar kawai: a sa ɗaya, a tsallake ɗaya, a sa huɗu, sannan a sauke guduma a kan ramin da ba komai. Ruger ya magance wannan a 1973 da wani ɗan ƙarfe da ke shiga tsakanin guduma da allura, wanda ba ya haɗa su sai an ja kunama, Rough Rider kuma tana da makullin hannu a gefen guduma. Kuskure ne babba mai saye ya ɗauka cewa sabuwar ƙira na nufin sabon tsarin tsaro, domin har yanzu ana sayar da kwaikwayon da ba shi da ko ɗaya daga cikinsu.

A Amurka ana amfani da ita wajen harbin gwangwani, da koyar da sababbin maharba, da gasar harbin kaboyi da ƙungiyar maharba ta SASS (Single Action Shooting Society) take tsarawa tun 1987, inda dokar gasa ta wajabta barin rami ɗaya fanko a ƙarƙashin guduma.