Lulluɓe ƙasar lambu da kuɗin da yake ci a Kebbi

Lulluɓe ƙasa dabara ce ta shimfiɗa busasshiyar ciyawa, ko kara, ko ɓuntun shinkafa, ko ɓawon gyaɗa a kan fangalin lambu da gindin itatuwa, domin ƙasa ta riƙe laima, zafinta ya ragu, ciyawa kuma ta kasa tsirowa. Masu rainon irin albasa a Aliero sun daɗe da saninta, don sukan rufe irin da ciyawa har ya tsiro sannan su yaye. A lambun cikin gida amfaninta ya fi fitowa daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi a Birnin Kebbi kan haura digiri 40, ruwan da aka ba shuka da safe ya ƙafe kafin azahar.

Kaurin da ake so shi ne santimita 5 zuwa 8. Idan an yi shi santimita 5, tarin da ya kai mita ɗaya a tsawo da faɗi da tudu zai rufe fili mai murabba'in mita 20. Da wannan lissafi mai gida zai san ko abin da aka ce ya saya ya yi daidai da lambunsa. Ana barin ɗan fili tsakanin shimfiɗar da jikin shuka, domin idan ta manne masa gindin yakan ruɓe.

A Amurka sana'a ce mai zaman kanta: kamfani ne ke kawo ɓawon itace ko sassaƙen katako, ya auna girman tarin da yadi, ya karɓi kuɗin kaya da na dako da na shimfiɗawa. A Kebbi aikin yana hannun masu sayar da dashe da 'yan ƙwadago, kuma yawanci jinga ake yi. Aikin hannun ba shi ne mai tsada ba, sai dai in akwai cire ciyawa da gyaran fangali kafin a shimfiɗa. Abin da ke cin kuɗi shi ne dako da kuma lokacin da aka sayi kayan.

Jihar tana da yalwar ɓuntu saboda shinkafar fadamun Argungu da Suru da Yawuri, ga manyan masana'antun casa irin su Labana a Birnin Kebbi da Wacot a Argungu, ban da ƙananan injuna a kasuwanni. Ɓuntu ba shi da nauyi amma yana cin wuri, don haka wanda gidansa ke nesa da injin casa kan biya mai amalanke ko mai mota kuɗin da ya kusa na kayan, ko ya fi. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 dako ya ƙara tsada. Sai dai tsadar man ce kuma ta ƙara wa dabarar daraja, tunda mai ban ruwa da inji zai rage yawan tayar da shi.

Kara da harawa lissafinsu daban ne, domin abincin dabbobi ne. Da kaka damin kara arha ne, wani ma kyauta zai ba ka. Da bazara kuwa sai ka yi takara da masu kiwo. Harawar wake ba ta cancanci a zuba ta ƙasa ba, tunkiya ta fi buƙatarta. Mai hankali da kaka yake tanadi.

Matsalar da aka fi kuka da ita gara ce. Takan cinye shimfiɗar, a sake saye, ko da yake ramukan da take yi na taimaka wa ruwa shiga ƙasar da ta taurare. Saboda gara, bai kamata a kai shimfiɗar jikin katangar ƙasa ba. Garin katako, idan ya cakuɗe da ƙasa, yana janye sinadarin naitirojin na ɗan lokaci har ganye ya yi rawaya, shi ya sa ake fara zuba takin gida kafin a shimfiɗa shi. Iskar hunturu na kwashe ɓuntu idan ba a jiƙa shi ba. Baƙar leda ta fi hana ciyawa, amma tana da tsada, tana ƙara wa ƙasa zafi da bazara, kuma ba ta ruɓewa ta zama taki kamar sauran.