Me ya sa Kirista ke cewa kowa mai zunubi ne?

A Katsina, inda Kirista ba su da yawa, maƙwabta da abokan aiki sukan yi mana waɗannan tambayoyi, sau da yawa da kyakkyawar niyya. Sun cancanci amsa ta gaskiya.

Kowa da kowa? Har da mutumin kirki?

E, har da shi. Manzo Bulus ya rubuta a Romawa 3:23, cikin Littafi Mai Tsarki, cewa dukan mutane sun yi zunubi, sun kasa kai wa ga ɗaukakar Allah. Ba sai mutum ya yi sata ko kisa ba. Hassadar da ke taso maka idan ɗan'uwanka ya samu buɗi, mudun da aka ɗan danne gindinsa a kasuwa, gulmar da aka yi a zaure, duk suna ciki. Yesu Almasihu ya ce wa mutane a Matiyu sura 5 cewa fushi da mugun kallo ma abin hukunci ne. Kiristan da ke wannan magana kuwa da kansa yake farawa, ko da fasto ne ko fada na coci.

Ina ruwanmu da laifin Adamu?

Nan ne muka sha bamban da 'yan'uwanmu Musulmi, waɗanda suka yi imani cewa ana haifar yaro a kan fiɗira, kuma babu mai ɗaukar nauyin wani. Littafi Mai Tsarki ma, a Ezekiyel 18:20, ya ce ɗa ba zai ɗauki alhakin uba ba. Abin da muka gada daga Adamu shi ne karkatacciyar zuciya da mutuwa, kamar yadda Romawa 5:12 ta nuna. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya yi doguwar muhawara da wani malamin Kirista mai suna Pelagius a kan wannan, har taron shugabannin coci a birnin Kartaj na shekarar 418 ya ƙi ra'ayin cewa mutum na iya tsarkake kansa da ƙoƙarinsa kaɗai.

To aikin kirki ba zai wanke mutum ba?

Wanda ya faɗa rijiya ba ya fitar da kansa, sai an miƙo masa igiya daga sama. Afisawa 2:8-9 ta ce ta wurin alheri aka cece mu, ta hanyar bangaskiya, don kada kowa ya yi fahariya. Mun gaskata cewa Yesu ya mutu a kan gicciye domin zunubanmu, ya kuma tashi a rana ta uku. Aikin kirki yana biyo bayan ceto, kuma Yaƙub 2:26 ta ce bangaskiya ba tare da ayyuka ba matacciya ce. Abin takaici ne ƙwarai a ga Kirista ya maida alheri lasisin sheƙe aya.

Jariri fa?

Ɗariƙun Kirista sun rabu a nan, a kan lokacin yin baftisma. Katolika, da suka samu dayosis (yankin da bishop ke kula da shi) tasu ta Katsina a 2023, da kuma Angilikan, suna yi wa jarirai baftisma. ECWA da Baptist kuwa sukan jira sai yaro ya yi wayo, ya tuba, ya furta bangaskiyarsa da bakinsa kafin a nutsar da shi cikin ruwa.