An Sauya wa Hajiya Gwiwa, To Sai Me?

Iyayenmu da dama a nan Zariya suna dawowa gida bayan aikin sauya gwiwa, wato a sa musu ta ƙarfe da roba, wasu daga Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, wasu daga Indiya ko Masar. Abin da ya fi damuna a gidajen da nake shiga shi ne tausayin da ke zama illa. 'Ya'ya da jikoki sun kewaye Hajiya, kowa na cewa "Mama ki kwanta, kada ki fama ciwon," ana kai mata komai har bakin gado. Gwiwar da aka bari a kwance kuwa sandarewa take yi, daga baya lanƙwasa ta ya zama aiki.

Shi ya sa tun a asibiti ake tayar da mara lafiya tsaye a ranar aikin ko washegari, ya taka da ƙarfen dogarawa. Atisayen da likitan gashin ƙashi ya koyar, na miƙe ƙafa sosai da lanƙwasa ta a hankali, a riƙa yin sa kullum, musamman a makonni shida na farko. Da zafi, babu shakka. A sha maganin ciwo yadda aka rubuta kafin a fara. In an dawo daga waje, a nemi sashen gashin ƙashi, kamar na Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika, a ci gaba daga inda aka tsaya.

Kumburi na iya kai watanni yana zuwa yana tafiya. A ɗaga ƙafar, a naɗe ƙanƙara cikin tawul a ɗora minti 15 zuwa 20. Kada a cusa matashi a ƙarƙashin gwiwa, yana hana ta miƙewa. A sa shi a ƙarƙashin diddige. Akan cire zaren ɗinki wajen mako biyu. Ɗan dindiris a gefen tabon da ƙas-ƙas ɗin da ake ji in ana tafiya ba abin tsoro ba ne. Yawanci akan ajiye sanda wajen mako shida, amma cikakkiyar warkewa na iya ɗaukar shekara.

Sai a gyara gida tun kafin a dawo. Masan tsuguno ba na mai sabuwar gwiwa ba ne, a samo kujerar bayan gida mai tsawo. Zaman tabarma ma a dakata. Batun sallah, wanda shi ne tambayar farko da dattawa ke yi mini, a yi ta a kan kujera. Addini ya yi rangwame ga mara lafiya, kuma durƙuso na yi wa wasu wuya ko bayan sun warke. Hawa acaɓa kuwa a haƙura da shi tukuna.

Don Allah kada a kira mai ɗori ya murza, kada kuma a shafa wa raunin wani haɗi ko a gasa shi da ruwan zafi. Ƙarfe da roba ne a ciki, in ƙwayar cuta ta kai gare su, ana iya komawa tiyata. Masu ciwon sukari su ƙara sa ido a kan awonsu.

A garzaya asibiti nan take in aka ga zazzaɓi, ko raunin ya yi ja yana fitar da ruwa ko mugunya, ko ƙwauri ya kumbura yana ciwo, don wannan na iya zama daskarewar jini a jijiya. In numfashi ya sarƙe ko ƙirji ya ɗauki ciwo farat ɗaya, ko da tsakar dare ne a nemi mota.