Waiwaye: Da a ce dainoso ba su ƙare ba

A 1982 wani masanin tsoffin ƙasusuwa da ke aiki a gidan tarihin halittu na Ottawa a ƙasar Kanada, Dale Russell, ya haɗa hannu da wani gwanin ƙera siffofi mai suna Ron Séguin suka yi wani mutum-mutumi. Koriyar fata gare shi, da dara-daran idanu, da ƙaton kai, da yatsu uku a kowane hannu. Yana tsaye kyam a kan ƙafa biyu, ba shi da wutsiya, har cibiya suka yi masa. Russell ya ce wannan shi ne abin da yake hasashen wani ƙaramin dainoso (ɗaya daga cikin dabbobin nan na zamanin da can da ake tono ƙasusuwansu) mai suna Stenonychosaurus zai iya rikiɗewa ya zama, da a ce bala'in da ya shafe danginsa shekaru miliyan 66 da suka wuce bai auku ba. Hoton ya zaga duniya, kuma har gobe shi ake fara ɗaukowa duk lokacin da aka tayar da wannan magana. Sai dai tambayar ta girmi mutum-mutumin nesa ba kusa ba, kuma ba da wannan kama ta soma ba.

Tun da masanin halittu Richard Owen ya raɗa wa waɗannan dabbobi suna a Ingila a 1842, ɗaya daga cikin abubuwan da suka riƙa ɗaukar hankalin wasu shi ne ko sun mutu ɗin da gaske. A wancan zamani akwai wurare da dama da Turawa ba su taka ba, sai suka riƙa raya wa kansu cewa wataƙila akwai ragowar dabbobin a wani lungu. A 1912 marubucin Birtaniya Arthur Conan Doyle ya fitar da ƙagaggen labarinsa, inda ya ajiye dainoso da ransu a kan wani tsauni mai shimfiɗaɗɗen kai a Kudancin Amurka. Shi dai ya san tatsuniya yake yi. Waɗanda suka waiwayo Afirka kuwa da gaske suke. A 1909 Carl Hagenbeck, wani dillalin namun daji na birnin Hamburg, ya rubuta cewa ya samu labarin wata ƙatuwar dabba mai kama da dainoso a fadamun tsakiyar Afirka. A 1913 wani hafsan sojan Jamus, von Stein, da aka tura binciken yankin da Jamus ke mulka a matsayin Kamaru, ya kawo rahoton wata dabbar ruwa mai dogon wuya da mutanen wurin ke kira mokele-mbembe. Har a 1980 da 1981 wani malamin Jami'ar Chicago, Roy Mackal, ya jagoranci tafiya zuwa fadamun Likouala a ƙasar Kongo don nemanta. Ko ƙashi ɗaya ba a dawo da shi ba.

Abin da ya ƙara musu ƙwarin gwiwa shi ne wani kifi. A watan Disamba na 1938 masunta suka kamo shi a gaɓar East London ta Afirka ta Kudu, aka kai wa Marjorie Courtenay-Latimer mai kula da gidan tarihin garin, sai ga shi irin kifin nan ne, silakant, da ake zaton ya ɓace tare da dainoso. To amma ɓuyan kifi a can ƙasan teku daban, ɓuyan garken dabbobi masu girman giwa daban. A ganina wannan farauta ta fi nuna yadda baƙi ke kallon Afirka a matsayin wurin da zamani ya tsaya cak, fiye da yadda ta nuna wani abu game da dabbobin. Dainoson Afirka na gaskiya suna kwance a ƙarƙashin rairayi. A Gadoufaoua da ke hamadar Tenere ta Nijar, Philippe Taquet na Faransa ya tono Ouranosaurus a tsakiyar shekarun 1960, daga baya Paul Sereno ya bayyana Nigersaurus a 1999, dabba mai faffaɗan baki da haƙora fiye da 500, wadda ta yi kiwo a wurin kimanin shekaru miliyan 110 da suka wuce, lokacin da hamadar take cike da koguna.

Su kuwa masana, kafin 1980 ba su cika damuwa da batun "da a ce" ba. Ra'ayin da ya daɗe yana yawo shi ne dainoso dabbobi ne masu nauyin jiki da ƙarancin ƙwaƙwalwa, waɗanda zamaninsu ya ƙare don kansa. Wanda ajalinsa ya riga ya zo, ba a tambayar abin da zai zama da ya rayu.

Wani siririn layin yumɓu ne ya birkita wannan lissafi. A wani kwazazzabo kusa da garin Gubbio na Italiya akwai duwatsun farar ƙasa jere bisa jere, a tsakaninsu kuma akwai yumɓun da kaurinsa bai wuce santimita ɗaya ba. A ƙasansa dutsen cike yake da ɓawon ƙananan halittun teku iri-iri. A samansa kusan duk sun ɓace, sai 'yan mitsi-mitsi. Wani masanin duwatsu, Walter Alvarez, ya ɗebi wannan yumɓu ya kai wa mahaifinsa Luis Alvarez, wanda ya taɓa cin kyautar Nobel, suka auna shi tare da Frank Asaro da Helen Michel. Suka tarar da ƙarfen iridiyam ya ninka abin da aka saba gani kusan sau 30. Wannan ƙarfe yana da wuyar samu a ɓawon duniya, amma yana da yawa a duwatsun sararin samaniya. A 1980 suka sanar cewa wani dutse mai faɗin kusan kilomita 10 ne ya faɗo. An yi ta musu har 1991, lokacin da aka tabbatar da ramin da ya bari, mai faɗin kimanin kilomita 180, binne a ƙarƙashin yankin Yucatán na Meziko kusa da garin Chicxulub. Wani ma'aikacin binciken man fetur, Glen Penfield, ya riga ya lura da alamunsa tun 1978. Ƙura da hayaƙi suka tare hasken rana, tsirrai suka mutu, yunwa ta bi ta kan masu cin ciyawa da masu cin nama. Kusan kashi uku cikin huɗu na nau'in halittun duniya suka tafi.

Daga nan tambayar ta samu ƙafar tsayawa. Idan haɗari ne ya faɗo musu daga sama suna tsakiyar rayuwarsu, to ana iya hasashen duniyar da dutsen ya wuce ta gefe. Shekara biyu kacal bayan sanarwar Alvarez Russell ya fito da mutum-mutuminsa. Hujjarsa ita ce dabbar da ya zaɓa tana da babbar ƙwaƙwalwa idan aka gwada da jikinta, idanunta na kallon gaba, hannuwanta na iya riƙe abu. Takwarorinsa da yawa ba su yarda ba, kuma ina ganin suna da gaskiya. Ya ɗauko siffar ɗan'adam ne ya shafa mata koren launi, kamar dai duk mai wayo dole ya yi kama da mu. A 1988 Dougal Dixon na Scotland ya bi wata hanya dabam a littafinsa mai zane-zane, inda ya cika dazuzzuka da filayen ciyawa da sababbin dainoso masu kiwo da masu hawa bishiya, ba tare da ya naɗa wa ko ɗaya daga cikinsu rawanin hankali ba.

A ƙarƙashin wannan duka akwai wata gardama da ta fi zurfi. Masanin tarihin halittu Stephen Jay Gould ya yi jayayya a 1989 cewa da za a mayar da tarihin halittu baya a sake sakinsa, da ba zai biyo hanya ɗaya ba, kuma da wuya a sake samun wani abu mai kama da mu. Simon Conway Morris na Jami'ar Cambridge ya ƙi wannan, yana nuni da yadda halittun da ba su haɗa dangi ba suke ƙarewa da ido iri ɗaya ko fiffike iri ɗaya. Har yanzu ba a raba gardamar ba.

Binciken baya-bayan nan ya nuna yadda abin ya tsaya a kan ƙiris. A 2017 wasu masana biyu na Japan, Kunio Kaiho da Naga Oshima, sun lissafa cewa kashi 13 cikin 100 kaɗai na doron duniya ke da duwatsu masu isasshen abin ƙonewa da zai iya tayar da hayaƙi irin wancan. Da dutsen ya sauka a wani wuri, da ɓarnar ba ta kai haka ba. Wasu kuma na cewa dainoso sun riga sun fara ja da baya tun kafin ranar, ga kuma aman wutar duwatsun Deccan na Indiya da ke gurɓata iska a daidai lokacin. Wasu sun musanta ja da bayan, suna cewa ƙarancin ƙasusuwan da aka tono ne ke ruɗin masu ƙidaya.

Inda kusan kowa ya haɗu shi ne makomar dabbobi masu shayarwa. Sun zauna tare da dainoso fiye da shekaru miliyan 100, mafi yawansu ba su wuce girman ɓera ba. Akwai 'yan masu ƙarfin hali: a ƙasar Sin an tono wata mai girman kyanwa da ƙasusuwan jaririn dainoso a cikinta. Amma girma na sosai sai bayan da fili ya samu. Ƙasusuwan da aka tono a Corral Bluffs ta jihar Colorado, waɗanda aka bayyana a 2019, sun nuna cewa cikin shekaru 700,000 bayan faɗuwar dutsen an samu masu nauyin kilo 50. A lissafin masana, duniyar da dainoso suka ci gaba da mulki duniya ce da da wuya a ga giwa ko raƙumi ko saniya a cikinta.

Sannan ga abin da ya fi ɗaure mini kai, wanda ya kamata a ce shi ake fara faɗa wa yara: ba duka suka ƙare ba. Tun a ƙarni na 19 masanin halittu Thomas Huxley ya lura da kamannin ƙashin tsuntsu da na dainoso, bayan an tono Archaeopteryx a Jamus a 1861, mai gashin tsuntsu da doguwar wutsiyar ƙashi. Wani masanin, John Ostrom, ya farfaɗo da maganar da ƙasusuwan wani dainoso mai suna Deinonychus a 1969, sai kuma a 1996 wani manomi a lardin Liaoning na Sin ya tono ƙaramin dainoso da sawun gashi a jikinsa. Yau masana sun yarda cewa tsuntsaye reshe ne na dainoso da ya tsira. Jimina da zabo da kazar da ke tono a tsakar gida duk daga can suke. Nau'insu ya haura 10,000, ya fi na masu shayarwa yawa. Wanda ke son ganin dainoso mai wayo ya dubi hankakan tsibirin New Caledonia, wanda ke gyara tsinke ya yi masa ƙugiya ya zaro tsutsa daga ramin itace, da baki da ƙafa kawai, ba yatsu uku ba cibiya.

Abin da masana ke bi yanzu shi ne dalilin da ya sa wannan reshe kaɗai ya tsira, alhali tsuntsaye masu haƙora, waɗanda suka fi yawa a lokacin, sun mutu tare da sauran. Wasu na danganta abin da bakin da ke iya fasa ƙwayoyin tsirrai da suka rage a ƙasa, wasu kuma da zaman ƙasa maimakon bishiya a lokacin da dazuzzuka suka ƙone. A 2020 aka bayyana ƙoƙon kan wani ƙaramin tsuntsu, Asteriornis, daga wata mahaƙar dutse a Beljiyam. Ya rayu ƙasa da shekara miliyan ɗaya kafin dutsen ya faɗo, kuma dangin kaji da agwagi ne na kusa.