Don Allah a daina cewa "ƙwaya ce take magana"

Jama'a wallahi abin nan ya fara isa ta. Sau da yawa za a kawo mana matashi ya yi yunƙurin kashe kansa, in ka zauna da iyayen sai ka ji uwar tana kuka tana cewa ai ya sha faɗa, "da ma in mutu kowa ya huta", amma mun ɗauka ƙwaya ce take magana. Haba! To ai ƙwayar ce ta sa maganar ta fi haɗari. Mutum cikin hayyacinsa tunanin zai iya zuwa masa ya wuce, amma in ya bugu da giya ko tiramol ko kodin babu sauran birki, abin da ya raya masa shi zai yi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 700,000 ne ke kashe kansu duk shekara, kuma shaye-shaye na cikin manyan abubuwan da ke ƙara haɗarin. Akwai wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, Thomas Joiner, da ya daɗe yana bincike kan wannan, ya nuna abu biyu da ke tura mutum: ya ji ya zama nauyi ga nasa, ya kuma ji ba shi da kowa. Yanzu ku duba abin da ake faɗa wa mai shaye-shaye a gida, "ka zame mana kaya", "ka fita ka bar mana gida", a daina cin abinci da shi, ƙannensa ma a hana su zama kusa da shi. Na san kun gaji, na san ya kwashe muku kaya ya sayar, ba na ganin laifinku kan fushin. Amma in ya ambaci mutuwa ku ajiye fushin nan tukuna.

Ku tambaye shi kai tsaye, kana tunanin kashe kanka ne? Tambayar ba ta sa masa tunanin, bincike ya nuna haka. Kar a bar shi shi kaɗai a ɗaki. A ɓoye magunguna da maganin ƙwari da duk wani makami. A kai shi asibiti a ranar, ba sai ya wartsake ba. In ya taɓa gwadawa a baya ku gaya wa likita, kar kunya ta sa ku ɓoye. Wanda kuma ya daɗe yana shan giya sosai kar ku kulle shi ku ce ya daina lokaci ɗaya, jijjiga za ta iya kama shi har ta kashe shi, a bar likita ya lura da shi.